Bakin Manaja

Yayata ta kaina,

Na san tun kafin ki buɗe ambulan kin riga kin ɗaure fuska. To sassauta, na yarda na daɗe ban rubuto ba. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida yaran. Ya aikin asibiti? Ya ƙafar nan da kika ce tana kumbura in kin wuni a tsaye? Mu nan lafiya ƙalau muke. Jaririna Baƙo ya shiga wata na huɗu, ya yi kumatu har wuyansa ya ɓace, kuma har yau babu mai kiransa da sunansa na gaskiya, Baƙo dai Baƙo. Baban Manaja yana can yana fentin wani dogon gini, kullum da launin da yake dawo mana da shi a gemu.

Na koma shagon hotona. Jiya wata mata ta ga hotonki a bango ta ce wace ce wannan mai kama da hukuma? Na ce Yayata ce. Ta ce uwa ɗaya? Na ce a'a, kakata da kakanta ne uwa ɗaya, amma duk dangi babu wanda ya ja mini kunne kamarta. Kin ga har a garin da ba a san ki ba ana shakkarki.

Ga hoton da kika kafa mini ƙahon zuƙa a kansa, tun da kin ce hoton waya ba hoto ba ne, sai wanda za ki rataya a bango. Ki dubi 'yata Manaja! Shekara huɗu da 'yan watanni, amma ita ke riƙe da shagon nan. Tana hawa doguwar kujera, robar tsotso a baki, ta nuna wa mutum inda zai zauna da ɗan yatsa, kuma wallahi manya suna bi. Kin san dabarata da jarirai: uwa ta bar wa yaro robarsa a baki, in saita kyamara, in ƙirga uku, a zare roba, kafin ya tuna da kuka na riga na ɗauka. To a kan Manaja na koyi dabarar, ita kuwa ta ƙware har ba ta bukatar kowa. Da na ce uku za ta cire da kanta, ta rufe baki ruf, ta yi murmushin manya, haske na ɗaukewa ta mayar da abarta.

Hotuna biyun da ke gaba da baya lalatattu ne, na sa su ne kawai don kada na kirkin ya lanƙwashe a hanya. Ki zubar.

Sai shawara, ke da kike cikin likitoci. Shago da goyo sun yi mini yawa. Ina tsakiyar jera mutane sai Baƙo ya tsala ihu, kowa ya juya, hoto ya lalace. Ina so in fara masa fida, wato madara a kwalba, kamar yadda na yi wa Manaja, in saya masa tasa robar, kowa ya huta. Wace madara ce ta fi?

Taki mai yawan laifi,
Mai Hoto

*

Ƙanwata,

Wasiƙarki ta iso, kin tsira. Ƙafa da sauƙi. Yara lafiya, babbar ta fara aiki, har ta soma koya mini yadda ake dafa shayi a gidana. Ki gaida Baban Manaja, ki ja mini kumatun Baƙo a hankali.

Hoton ya yi kyau ƙwarai, yana bango kusa da agogo. Amma ban zubar da lalatattun ba. Kin san aikina, wuni nake ina miƙa wa likitan haƙori kayan aiki ina leƙa bakin yara, har ya zama in mutum ya yi mini dariya haƙoransa nake fara gani kafin fuskarsa. A ɗaya daga cikinsu Manaja ta datse haƙora ta wage leɓe, irin na tsokana. Ki sa ta yi miki haka ki duba. Na gefe sun haɗu, amma na gaba, na sama da na ƙasa, ba su taɓa juna ba. Akwai ƙofa zagayayya a tsakani, daidai girman roba. A ɗayan kuma ta yi barci a kujerar baƙi, kai a baya, baki a buɗe, leɓe a bushe.

Ina rubutu ne a lokacin cin abinci, saboda haka ki amsa mini waɗannan kai tsaye. Kullum haka take barci? Tana minshari? Hancinta yana yawan toshewa? Wuni take da robar ko sai za ta kwanta? Wata nawa kika shayar da ita kafin fida?

Maganar Baƙo kuwa, kada ki saya masa komai tukuna, ba roba ba madara. Ki ci gaba da ba shi nono har in samu zama in rubuto miki dalili. An kira ni, sai na ji daga gare ki.

Yayarki

*

Yaya,

Mun gode, muna lafiya.

Na aiko miki da hoton da na fi alfahari da shi, kin ajiye shi kin ɗauki na shara. Wata biyar na shayar da ita, tun da lissafi kike so. Lokacin ne na buɗe shago, ba ni da mai riƙe mini ita, kuma ke kin fi kowa sanin haka. Ban san sai yanzu za a kafa mini kotu ba. Yarinya tana ci, tana wasa, ta fi sa'o'inta wayo. Haƙoran kuwa na yarinta ne, za su zube wasu su fito.

Ba sai kin wahalar da kanki da dalili ba.

Mai Hoto

*

Ƙanwata, uwar Manaja, uwar Baƙo,

Ina gaishe ki ko ba za ki amsa ba, kuma ina fatan kowa lafiya. Ni ma lafiya, sai dai kunyar da ta kama ni.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na tuna abin da na rubuta miki. Na ce kayya, wannan ai takardar asibiti na aika wa yarinyar nan, ba wasiƙa ba. Haka muke jero wa kowace uwa tambayoyin nan, bakina ya saba. Ba kotu ba ce, ki yi haƙuri. Wata biyar da sabon shago a wuya ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Ni da na haifi uku, na tsakiyar wata biyu kawai ya samu na koma aiki, kuma ga shi nan ƙato, haƙoransa reras.

Kin ce kada in kawo dalili, amma kin san ba na jin magana. Jariri in yana shan nono aiki yake yi: muƙamuƙi yana gaba yana baya, harshe yana danna ganɗa, numfashi kuma dole ta hanci. Wannan aikin yana taimaka wa bakin ya yi faɗi yadda haƙora za su samu wuri. Fida kuwa kusan da kanta take zuba. Ba wai duk ɗan fida zai samu matsala ba, na ba ki misali da nawa. Cewa na yi in da hali ki ƙara wa Baƙo lokaci. In babu hali, babu mai ganin laifinki, ni dai ba ni ba.

Game da Manaja, ba nonon da ya wuce ne ya dame ni ba, robar da ke bakinta yau ce. Haƙori yana bin duk abin da ke danna shi kullum. Gaskiyarki ne, na yarinta ne za su zube, amma ƙashin da ke riƙe da su ba ya zubewa, kuma sababbin hanyar da suka tarar za su bi. In ta bar tsotso kafin ta fara famfara, sau da yawa ƙofar nan da kanta take rufewa, na gani da idona ba sau ɗaya ba. In aka bari, sai ta girma da ita, ta kasa gatsa abu da gaba, wasu kalmomin su riƙa zame mata, sai an kai ga ɗaura mata ƙarfe a baki shekara da shekaru. Muna da lokaci, amma ba mai yawa ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne numfashin. Yaron da ke barci baki buɗe sau da yawa hancinsa ne a toshe, kuma barcin ba ya shigarsa yadda ya kamata. Ki kai ta a duba mata hanci. In likita ya ce babu komai, ki rubuto ki yi mini dariya, zan ɗauka.

Yayarki mai kaifin baki

*

Mai Hoto,

Shiru kike ji. Ko tawadar garinku ce ta ƙare? Na dami mai kawo wasiƙu da tambaya har ya fara canza hanya in ya hango ni. Ki yi fushi da ni yadda kike so, na iya da ke tun kina yawo da majina a hanci. Amma ki rubuto ko layi ɗaya ne ki ce yara lafiya, hankalina ba a kwance yake ba.

Yayarki

*

Yaya, Yayata, ranki ya daɗe,

Ajiye sandar, na kawo kaina. Yara lafiya, Baban Manaja lafiya, yana gaishe ki, ya ce a gaya miki shi tun farko yana bayanki, ƙarya yake yi. Wasiƙunki biyu sun iso. Na tura su ƙarƙashin kwalin takardun wanke hoto na ce ba zan karanta ba. Na karanta mana, ina cika ina batsewa.

Bari ki ji abin da ya sauko da ni. Wani dattijo ya zo hoton fasfo da rana tsaka. Manaja ta yi barci a bayan jan labulen nan mai kauri, wanda nake jera mutane a gabansa in suna son hoto na alfarma. Can take da 'yar katifarta tun tana rarrafe. Ina ce wa dattijo ɗaga haɓa, sai na ga yana amsa mini ƙasa-ƙasa, da ya tashi kuma yana tafiya da sanɗa. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "'Yata, kada mu tashi mahaifinki, da alama ya gaji." Na ce, "Wane mahaifi?" Ya nuna labule. Yaya, minsharin Manaja ne! Na yi dariya har na kasa riƙe kyamara. Dattijo ya ɗaga labule ya leƙa, ya ga 'yar mitsitsiya ta rungume takalminta, ya riƙe baki ya ce ikon Allah.

Da ya tafi sai dariyar ta ɗauke. Na tsuguna kusa da ita na saurara. Ashe kullum ina jin ƙarar nan har kunnena ya daina jinta. Tana ja, tana ja, sai ta ɗan tsaya, sai ta yi firgigit ta ci gaba. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka, kuma na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba tun da na haife ta.

Washegari muka kai ta. Likitar mace ce mai haƙuri, har ta bari Manaja ta nuna mata inda za ta zauna a ofishinta. Ta duba ta ce akwai wani nama can bayan hanci da ya kumbura, kuma da alama akwai abin da hancin ba ya so. Ta ce ina take barcin rana? Na ce bayan labule. Ta ce yaushe rabon da a wanke labulen? Haba Yaya, wa ke wanke labulen hoto? In ya sha ruwa launinsa ya dushe, haske ba zai ƙara zama a kansa ba. Tun da na saye shi sai dai in ɗan kaɗe gabansa, inda kyamara ke gani.

Baban Manaja ya sauke shi ya fitar waje ya buga masa sanda ɗaya. Ƙurar da ta tashi sai da telan da ke kusa da ni ya fito yana tambaya ko gobara ce. Mun sallami labule. A madadinsa ya fente mini bangon da wani ruwan toka mai laushi, muka bar shago a buɗe ya sha iska kafin yara su koma ciki, kuma wallahi fuskar mutane ta fi fita a kansa. An ba Manaja maganin fesawa a hanci, za mu koma a sake dubawa. In naman bai sauka ba za a yi maganar cirewa. Ki taya mu addu'a.

Baƙo har yanzu bai san fida ba. Na ajiye kujera a lungu na kare da allo, in ya motsa sai in ce a ɗan ba ni lokaci. Manaja ce mai sanarwa. Ta cire roba ta ce, "Mai hoto tana ba da abinci, ku zauna," ta mayar. Har yau babu wanda ya taɓa tafiya.

Saura robar. Babanta ya ce a shafa mata abu mai ɗaci a wuce wurin. Me kika ce? Ki jero tambayoyinki ko nawa ne, na daina fushi.

Taki,
Mai Hoto

*

Ƙanwata,

Alhamdulillahi! Na ga rubutunki a bayan ambulan na zauna a bakin ƙofa na buɗe, ko ciki ban shiga ba. Muna lafiya. Labarin mahaifinki na bayan labule ya zaga asibitinmu kaf, likitanmu da ba ya dariya sai da ya ajiye abin hannunsa ya juya ya kalli bango. Allah ya ba ta lafiya, ya sa maganin ya wadatar. Kin kyauta da kika kai ta, na ji daɗi har raina.

Ki gaya wa Baban Manaja ya shafa wa kansa abin ɗacin. Ba ɗaci, ba gori, ba a ce mata kin girma ba ki jin kunya, kuma kada a sace a jefar a ce ɓera ya ɗauke. Wannan robar ita ce ta lallashe ta duk ranakun da kike fama da mutane, ba a raba su rana ɗaya. Ki bari hancin ya buɗe tukuna, barcinta ya daidaita, sannan ki fara da rana, na kwanciya ya zo daga baya.

Ki sa ido a kan babban yatsa. Roba ana iya ajiye ta, yatsa kuwa da shi take yawo, in ta koma can mun koma baya. Ki nema wa hannuwanta aiki. Kuma ki tuna da wa kike magana. Manaja ba a ba ta umarni, sai dai a kai mata shawara ta duba ta amince. Ki kai ta wurin likitan haƙori na kusa da ku ya ga bakin tun yanzu, don ya san daga inda aka tashi.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ƙafa ta bar ki kin huta. Albishirinki! Naman ya sauka, likita ta ce a bar maganar cirewa a gefe, a ci gaba da lura. Shago ya yi tsit da rana har ina jin agogo. Yarinya ta tashi daga barci garau ba ƙunci, baƙin nan na ƙarƙashin idonta da nake cewa gadon babanta ne ya washe, ga ci kamar mai aikin gini.

Na bi shawararki na kai wa Manaja magana a ofis. Na ce, "Ranki ya daɗe, ma'aikata suna ƙorafi. Wai ba sa jin umarni sosai saboda akwai abu a bakin Manaja." Ta ci gaba da tsotso tana kallona ta ƙasan ido. Can ta cire ta ce to, za a riƙa ajiye roba a durowa lokacin aiki. Na fara murna, sai ta ɗaga yatsa. Ta ce murfin biron da nake taunawa shi ma durowa. Tsinken sakacen da Baba ke yawo da shi a baki, durowa. Yaya, doka ta hau kan kowa! Yanzu ƙaton mutum in ya leƙo shago sai ya tsaya a ƙofa ya miƙa tsinkensa kafin a bar shi ya shiga. Baƙo kaɗai aka ɗaga wa ƙafa, wai shi abinci yake ci.

Yatsan kuwa kamar kina nan. Ba a jima ba na juya na gan shi ya shige har gindi. Na ɗauko tsohuwar kyamarata da ta mutu, na ɗaura mata igiya na rataya mata a wuya, na ce shago ya bunƙasa, ana bukatar mai hoto na biyu. Nauyinta sai da hannu biyu. Yanzu duk wanda na ɗauka sai ya sake gyara zama ta ɗauka, tana ce masa ɗaga haɓa. Akwai wani ɗan sanda da ta sa ya sake har sau uku wai ya rufe ido.

Kwanciya ce ta ba mu wuya. Ta yi kuka, ni ma na kusa. Da kanta ta samo mafita, sai ta kama ƙafar Baƙo ta riƙe da hannu biyu har barci ya ɗauke ta, shi kuma ko a jikinsa. Da mura ta kama ta na mayar mata da robar na 'yan kwanaki, kada ki yi mini faɗa, ban iya kallonta haka ba. Bayan ta warke, wata rana da rana ta buɗe durowa ta daɗe tana kallon abarta. Na yi kamar ina goge gilashi. Ta ce, "Wannan ta yara ce," ta rufe. Tun ranar ba ta sake tambaya ba. Ni ce ma na shiga lungu na share hawaye, ban san dalili ba.

Amma Yaya, ƙofar tana nan. Likitan haƙori ya gani ya ce a jira. Kullum da safe sai na ce ta datse haƙora in duba, kuma ni ban ga abin da ya canza ba. Shekaranjiya 'yar tela, wadda ta girme ta da kaɗan, ta shigo tana nuna mana gibinta, haƙorinta na farko ya faɗi. Kowa na dariya, ni kuwa bakin Manaja nake kallo. Anya ba mu makara ba?

Taki,
Mai Hoto

*

Ƙanwata,

Muna lafiya, kuma na yi murna da labarin hanci fiye da yadda zan iya rubutawa. Ki miƙa gaisuwata ga Manaja, ki ce ma'aikaciyarta ta nesa tana biyayya, na daina tauna fensir.

Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Wasu takan rufe, wasu takan ragu, wasu sai an taimaka musu daga baya, kuma ko wanne ne ya zo kin riga kin rage mata wahala. Amma ki daina duba bakin yarinya kowace safiya, za ki sa ta zaci wani abu ne ya lalace a jikinta. Wannan aikin watanni ne, kuma idon da ke kallo kullum ba ya ganinsa. Ki bar wa likita dubawa. Ke ki ɗauki hotunanki, ki shayar da ɗanki, ki rubuto mini labarin ɗan sanda in ya dawo.

Yayarki

*

Yaya! Yaya!

Gaisuwa a tsaye yau, ki yafe. Kowa lafiya, Baƙo ya fara dafa kujera yana miƙewa, har yanzu yana shan nononsa yana ƙarawa da abinci. Watannin nan da na yi shiru ba fushi ba ne, na riƙe alkawari ne, na daina dubawa, kuma na rasa abin da zan ce miki in ban duba ba.

Jiya Baban Manaja yana hutu, ya zauna da ita a gida, ni ina shago da Baƙo. Wani iyali suka zo, tun daga kaka har jikoki, na sha wahala kafin in jera su, dogaye a baya, yara a ƙasa. Na ce kowa ya kalle ni. Na ce ɗaya, na ce biyu. Sai ƙofa ta buɗe bam! Ga Baban Manaja, takalmi a ƙafa ɗaya, hannun riga a naɗe, ya miƙo damtsensa gaba kamar ya ɗauko tukunya mai zafi, Manaja tana biye da shi da gudu kyamara na dukan cikinta. Yana haki yana cewa, "Ɗauki! Ɗauki kafin ya ɓace!"

Na zaci wani abu ne ya sare shi. Ashe tsokanarta ya yi, ya ƙwace kyamarar ya ɗaga sama, ita kuwa ta maƙale a hannunsa ta gantsara masa cizo. Ya ce ya yi ihu, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka a wurin. Kin san a da in ta gatsi abu gefe da gefe ne ke fitowa, tsakiya fayau. Yaya, zobe ne cikakke a hannun mutumin nan! Huɗu a sama, huɗu a ƙasa, na gaban sun fi kowanne nitsewa.

Na durƙusa na ce, "Manaja, datse mini." Ta datse. Sun haɗu. Ɗan abin da ya rage ko takarda da ƙyar ta shiga, kuma ko haƙori ɗaya bai fara girgiza ba tukuna. Na rungume ta ina dariya ina kuka, Baƙo ya ga haka ya kama nasa kukan. Mutanen da na jera suka watse suka kewaye mu, kowa na leƙen hannu. Kakar ta ce, "Yarinya ta ciji ubanta kuna murna?" Baban Manaja ya ce, "Mama, ki dai duba aikin!" Ta sa tabarau ta duba, ta ce lallai an cizu, jikokin suka hau tafi ba su san na mene ne ba. Na saita haske na ɗauka, shi ne wannan da ke hannunki. Yau da safe likitan haƙori ya gani ya ce madalla, mu dawo in ta fara famfara.

Bayan mutane sun tafi muka ce dole a yi mata faɗa, kada ta zaci sana'a ce. Ya ce ni in yi, na ce shi aka ciza. Na ja ta gefe na ɗaure fuska iyakar iyawata na ce, "Ba a cizon mutane, kin ji ko?" Ta ce ta ji. Ta ba shi haƙuri, har ta hura masa wurin. Sannan ta dube mu ta ce, "To me ya sa kuke ta dariya?" Baban Manaja ya juya ya kalli bango kafaɗunsa na rawa.

Na gode, Yaya. Na gode da kika ƙi yin shiru lokacin da na so ki yi shiru. Allah ya bar mini ke.

Baban Manaja ya tafi aiki yau da hannun riga a naɗe, ko da yake shatin ya kusa ɓacewa. Ya ce a gaya miki wurin yana masa zafi har yanzu, kuma kada kowa ya kuskura ya ba shi magani.

Taki har kullum,
Mai Hoto